Bunsurun da Yaya Kulu ta rina

Bazarar nan shekara arba'in da biyu ke nan da muka kai Yaya Kulu makwancinta a Darna. Ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a kanta ba, alhali rabin rayuwata da alƙalami na yi ta, kuma da an bar ni da son raina haka zan bi ta ban rubuta ba. Abin da ya tono ni wata tambaya ce da aka yi mini ran Lahadin da ta wuce a kasuwar Illela, na kasa amsa ta a gaban mutane. Tun da baki ya ƙi, bari in gwada da hannu.

Wanda bai leƙo wajenmu bana ba ba zai gane halin da ake ciki ba. Damina biyu ke nan ruwa yana yi mana rowa. Kasuwar dabbobi, inda a da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda kukan awaki, yanzu fatu ne jibge ko'ina, don dabbar ta riga ta faɗi a hanya, fatar ce kawai ta iso. Mutanen arewa suna ta tsallako iyaka da 'ya'ya a kafaɗa. A cikin wannan hali ne wani ma'aikacin gwamnati ya sauko daga mota, aka nuna masa ni aka ce ga tsohon malamin dabbobi. Ya durƙusa ya gaishe ni, mutum ne mai ladabi, sannan ya ce, "Baba, an ce a da kuna da wasu awaki masu dogayen ƙafafu, masu ba da nono har tsakiyar bazara. Su muke nema. Ina za a same su?" Na ce masa zan yi tunani. Ba tunanin da ya rage mini, na san inda suka tafi, don ni na raka su.

Kulu yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, amma uwa ce ta zame mini. An haife ni wajen lokacin da Turawa suka shigo ƙasar Sakkwato, mahaifiyarmu ta rasu ban yi arba'in ba. Kulu ba ta daɗe da aure ba a lokacin, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba, har ta koma gare shi bai ba ta ba. Ta ɗauke ni ta shayar da ni nonon akuya, tana tatsa a ɗan ƙoƙo tana ɗura mini da ƙaramin ludayi. Har na girma tana tsokanata da cewa in akuya ta yi kuka a bayan gida ni nake fara waigawa kafin ɗanta.

A garinmu akwai abin da ake kira akuyar maraya. Idan mai jego ta rasu, ko nononta ya ƙafe, ba a gaggawar kai jinjiri wajen wata mace, domin gari ne ƙarami, kowa dangin kowa ne, kuma nono yana haramta aure. In ka ba mata uku su shayar da yarinya, ka rufe mata ƙofar gida uku ke nan tun ba ta san kanta ba. Saboda haka sai a kai akuya mai sabon ɗa gidan, a kafa mata turke, ta zauna har a yaye yaron, sannan a mayar da ita. Ba a biyan komai, sai dai dusa da harawa. Amma ba kowace akuya ke iya wannan aiki ba. Jar akuyar da kuka sani mai haihuwa ce, tana yin biyu tana yin uku, sai dai da ciyawa ta ƙare nononta yake bin ta. Wadda ke riƙe nono cikin zafin bazara ita ce irin wadda mahaifiyarmu ta zo da ita daga danginta na ƙasar Adar, can arewa: fara, baƙin wuya, ƙafafu dogaye, ba ta da kyan gani ko kaɗan. Kulu ce ta gaji irin. Kullum tana ajiye bunsuru ɗaya, kowane ya tsufa ɗansa ya gaje shi, kuma dukansu suna ɗaya take kiransu da shi, Ɗan Adar. Matan Darna da na ƙauyukan kewaye wajensa suke kawo awakinsu barbara.

Ni kuwa boko ta ɗauke ni. Da aka ce kowane dagaci ya ba da yaro a kai makaranta, ba wanda ya fi maraya sauƙin bayarwa. Na dawo bayan shekaru da wandon kaki da hular ma'aikata, ana ce mini malamin dabbobi, ina tafiya ina jin ƙasa ba ta isa ta ɗauke ni ba. Kulu ta yi mini fura da nonon awakinta ta ce in sha in tuna hanya.

Ban daɗe da kama aiki ba doka ta fito. Duk bunsurun da ba ja ba ne tsantsa, a dandaƙe shi ya zama taure, kada ya sake barbara. Baturen da ke kanmu ya tara mu ya ce wannan don ci gaban ƙasa ne, za a gyara iri, talaka zai samu alheri. Ban ce ƙarya yake yi ba, na tabbata ya yarda da abin da yake faɗa. Amma da na daɗe a ofis ina ganin takardun da ke shigowa, na gane daga inda iskar ke busowa. Kamfanonin da ke kwasar fata zuwa Turai sun ce fatar jar akuya suke so, ita ke yin laushi, da ita ake safar hannu da bangon littattafai, mai dabbare-dabbare kuwa ɓata musu kaya take yi. Su suka matsa wa gwamnati, gwamnati ta matsa wa hakimai, hakimin da ƙasarsa ta fi fitar da jar fata shi ake yabo, shi kuma ya haɗa mu da dogarai. A duk takardun nan ban taɓa ganin kalmar nono ba. Aka ba ni wani ƙarfe mai kama da babban awartaki, wanda ke murƙushe jijiya ba tare da jini ya fita ba. Na ƙware da shi, har ana misali da hannuna.

Ranar da na je na gaya wa Kulu, tana tsugune tana tatsa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Mamman, mi bunsuruna yai wa Nasara?"

Na ce, "Hwata suka so, Yaya. Ja."

Ta ce, "To su jira shi mutu su ɗauki hwatatai. Ɗiyan mutane hwata za su sha?"

Na yi mata bayanin da aka koya mini, ta bar ni na gama, ta miƙo mini ƙoƙon ta ce in riƙe mata.

Iyaka a lokacin sabon abu ce. Duwatsu ne aka kakkafa a daji, wani gonarsa rabi na Ingilishi rabi na Faransa, ba wanda ya ɗauki abin da zafi. Kulu ta ja Ɗan Adar ta kai shi wajen wata gwaggonmu a wani ƙauye da ke hayin Faransa, tafiyar hantsi guda. Duk ranar kasuwar Ƙwanni, da ke can hayin, sai ka ga mata sun fito da awakin da ke neman barbara kamar masu zuwa sayarwa, su ratse ta ƙauyen, su dawo da la'asar. Da fari matan unguwarmu ne kaɗai. Kafin a yi kaka biyu matan Amarawa sun shigo, na Tozai sun shigo, abin ya zama ayari. Suna tafe suna waƙar zambo ga masu wandon kaki, kuma na san da wa suke. Mazan da ba su taɓa kula da akuya ba suka fara magana a bakin masallaci cewa an shiga haƙƙin talaka.

Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne Arzika, wani dillalin fata na Illela. Shi ke sayen fatu masu dabbare-dabbare yana kai wa majema, shi ke sayar musu da karan dafi, wato jan rinin da ake rina fata da shi, don haka dokar ta taɓa cinikinsa. Ya ba matan jakai biyu na ɗaukar ruwa, ya riƙa bin su da goro, yana cewa Kulu ta fi maza goma. Abin da ba su lura da shi ba, ko suka lura suka kawar da kai, shi ne mangalar jakan nan ba ruwa kaɗai take ɗauke da shi ba. Masu gadin iyaka ba sa tsayar da tsofaffin mata da awaki, kayan Arzika kuwa suna wucewa a tsakiyarsu ba mai tambaya. Ni na sani, na yi shiru, don in na tona shi na tona yayata.

Abu biyu suka faru kusan tare. Faransawa su ma suka gano daɗin jar fata, suka fito da irin dokarmu a nasu ɓangaren, gwaggonmu ta aiko a zo a ɗauki bunsuru kafin ya ja mata masifa. Sannan wani kamfani ya ɗauki Arzika wakilinsa, aka gina masa rumfa a kasuwar Illela aka ba shi sikeli. Daga ranar bai sake ambatar haƙƙin talaka ba. Ya janye jakansa ya ce sun rame. Mutumin da jiya yake zagin doka, yau shi ke zama kusa da wakilin hakimi yana bayanin amfanin gyaran iri, kuma da bakin nan guda.

Aka dawo da Ɗan Adar. Bunsuru ba ya ɓoyuwa a gida, ko ka rufe shi a rumbu warinsa zai kai dogari wurin. Kulu ta san haka. Sai ta yi abin da har yau in na tuna nake rasa ko dariya zan yi ko kuka. Ta sayi karan dafi mai yawa, ta haɗa da lalle da kanwa, ita da mata uku suka kwana uku suna shafe Ɗan Adar suna shanya shi a rana, har ya fito ja wur. Ƙafafun dai ba yadda za a yi da su. Ta zo gidana da rana tsaka, hannuwanta jajaye har gwiwa, ta ce ranar duban bunsurai za ta kawo shi da kanta ta ɗaure cikin sauran. Abu ɗaya take so a wurina, in na zo kansa in wuce. Na ce to. Wallahi da na faɗa da niyyar cikawa na faɗa.

Aka yi duban a ƙofar gidan dagacin Darna da hantsi. Bature yana kan kujera a inuwar tsamiya, ba ya taɓa dabba da hannunsa, abin da na ce shi ne hukunci. Na bi layi ina ware na warewa. Na zo kan Ɗan Adar, ya fi kowane tsawo, ja kamar an tsoma shi a manja, na ɗauke kai na wuce. Har na taka biyu sai na ji muryar Arzika, a hankali, cikin ladabi. Ya ce, "Ranka shi daɗe, malam shi ƙara duba wancan. Karan dahi ya yi wuya garin ga kwanan nan, ban san mi anka yi da shi ba." A wajensa ta saya, ba ta da wani wurin saye.

Na koma na sa hannu cikin gashin na buɗa. Gindin gashi fari fat. Tafina ya yi ja, na dunƙule shi. Bature ya ce, "Malam, ja ne?" Da na ce ja ne, da wuya ya taso ya duba, kuma Arzika bai isa ya ƙaryata ma'aikaci a gaban jama'a ba tare da ya jawo wa kansa tambayoyi a kan jakansa ba. Duk wannan na san shi a lokacin, ba daga baya na gano ba. Shekaru na yi ina gaya wa kaina cewa tsoron kora ne, ga aure ina shirin yi, ga dogarai suna kallo. Akwai wannan. Amma gaskiyar da ta fi ɗaci ita ce kunya na ji. Na ji haushin yayata ta mayar da ni abin dariya a gaban Bature da wayon ƙauye. Na buɗe hannuna na nuna masa na ce, "Rini ne."

Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba, ba zai hukunta kowa ba, a dai yi aikin. Kulu ta matso kusa da ni, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Mamman, damana guda. Bar muna shi damana guda ɗai, in samu ɗa nai in san inda zan kai shi." Ban dube ta ba. Dogarai biyu suka kayar da shi, na sa ƙarfen, na matse sau biyu kamar yadda aka koya mini. Aikin bai kai a sha ruwa a ajiye moɗa ba. Ta kwance igiyarsa ta ja shi zuwa bakin rijiya, ta wanke shi tas a gaban kowa har farinsa ya dawo, sannan ta tafi da shi gida. Ta riƙe shi har ya mutu don kansa, ko da layya ba ta yarda an sa masa wuƙa ba.

Ayarin mata bai kai wata guda ba ya watse. Gwamnati ta raba jajayen bunsurai kyauta, ta hannun Arzika, matan da suka yi waƙar zambo suka karɓa, wasunsu har suna cewa dama Kulu ce ta ja su yawon banza. Ban ga laifinsu ba sosai. Jar fata ta yi daraja, gidaje da yawa sun yi sutura da ita, an yi aure da ita. Wannan shi ne abin da ke sa irin wannan doka ta zauna, kowa yana samun ɗan abin da zai rufe masa baki, wanda abin zai kashe kuwa ba a haife shi ba tukuna balle ya yi magana. Tsofaffin awakin Kulu suka ci gaba da zuwa gidajen marayu, amma 'ya'yansu na jajayen bunsurai ne, jikokinsu sun fi ja, nono yana raguwa, duk ɗan da ya fito da fari kuma ƙarfena yana jiransa. Kulu ba ta daina gaishe ni ba, ba ta daina aiko mini da fura ba, ba ta kuma sake ta da maganar ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Bayan 'yan shekaru fara ta sauka ta cinye gero tun yana tsaye, bazarar da ta biyo baya aka shiga yunwa. A cikinta matata Hassi ta haihu, ta rasu kwana uku bayan suna, ta bar mini 'ya mace, Ige. Aka nemi akuyar maraya. Na bi Darna gida gida, ni da na san kowace akuya da ke garin, ba wadda za ta cika ludayi biyu. Maƙwabta masu goyo suka ajiye maganar haramcin aure suka riƙa karɓar Ige suna shayarwa, amma su ma nasu 'ya'yan kuka suke yi. Yarinya tana ƙanƙancewa a hannuna. Kulu ta dube ta, ta ɗaura ɗan zanenta, ta ɗauki gora da mundayen azurfar da mahaifiyarmu ta bar mata, ta nufi arewa. Na ce ni zan je, ta ce mai kaki ba ya tsallake iyaka a bar shi, ita kuwa ba mai ganin tsohuwa. Ba ta tsufa ba, ba ta fi arba'in da 'yan kai ba.

Ƙauyukan bakin iyaka duk sun koma ja, sai da ta wuce Ƙwanni ta nausa can cikin Adar kafin ta samu. Rana ta tara ta dawo, da la'asar, ƙafafunta sun tsattsage, ba mundaye, 'yar akuya goye a bayanta, uwar tana biye da igiya. Fara ce mai baƙin wuya, hantsarta cike. Daga baya wani mai jaki da suka haɗu a hanya ya gaya mini ruwan gorarta akuyar take ba, ita sai dai ta jiƙa baki. Ta miƙo mini igiyar a ƙofar gida ta ce, "Ga ta nan. Kak ka dubi launinta." Iyakar abin da ta taɓa faɗa mini ke nan a kan abin da na yi. Ta kwanta a ranar, zazzaɓi da tari, ba ta cika mako biyu ba. Ige ta rayu. Akuyar kuwa ba bunsurun irinta a ƙasar, jikokinta jajaye ne.

Ina yawan tambayar kaina abin da Kulu za ta ce da ta ga yau. Turawa sun tafi, namu ne a kan kujerun, na ga zamanin jam'iyyu, na ga masu zuwa da lasifika suna rantsuwa da talaka, na ga yadda muryarsu ke sauka ranar da aka ba su rumfa da sikeli irin nasu. Ba na jin za ta yi mamaki. Za ta bar su su gama bayani ne, ta tambaye su abin da ɗiyan mutane za su sha. Ma'aikacin nan na ran Lahadi ya gaya mini kasuwar fata ta faɗi, masu saye a waje sun koma roba, masu ba da taimako kuma yanzu maganar nono suke yi, don haka gwamnati ta juya. Za a kawo dogayen bunsurai daga nesa, an ma ba da kwangilar. Na tambayi wanda aka ba, ya faɗi sunan, jikan Arzika ne. Ban yi fushi ba, gidan sun iya gane inda iska ta nufa tun kakansu. Sannan ya ce a ƙauyukan da aka zaɓa za a dandaƙe jajayen don kada su ɓata sabon iri, ko zan taimaka in koya wa ma'aikatansu, tun da an ce ba wanda ya kai ni hannu. Na juya na kama hanyar gida.

Ga amsata, ɗana, in kana karanta jarida. Awakin da kake nema ni na ƙarar da su, da ƙarfen gwamnati, a kan dokar da aka ce ta ci gaba ce. Ba zan koya wa kowa ba. Ka bar wa matan jajayensu, ka kawo dogayenka a ɗaure gefe guda, su za su zaɓa, sun fi ni da kai sanin abin da ke cikin ƙoƙo. Wanda ya biya kuɗin wannan shiri yau, gobe wani abin zai so, kuma ba zai zo ya ga abin da ya bari a baya ba.

Kuma ko an kawo su, na yi aikin nan na san kwanakinsa. Sai bayan damina, in an yi ta. Wata biyar ciki, shekara guda 'yar ta girma, wani wata biyar kafin ta haihu ta kawo nono. Ni kuwa a gidana yanzu haka akwai jinjiri ɗan kwana talatin. Jikata ce ta haife shi, 'yar Ige, tana raye amma yunwa ta ƙafar da ita. Madarar garin da ake rabawa ta zo sau ɗaya, aka ce mota ta lalace. Ige, wadda akuyar Adar ta raya, ita ke zaune da shi a cinya tana ɗiga masa ruwan kunu da ƙaramin ludayi, ta kan ɗago ta dube ni. Shekarata saba'in, gwiwoyina ba za su kai ni ko dutsen iyaka ba, kuma arewar da Kulu ta je ita ce yau take gudowa wajenmu.

Kulu ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gida ba, kabarinta ma ni kaɗai na rage da zan iya nuna shi. Abin da ta bari yana yawo da ƙafafunsa. Akwai dattawa a Darna da Amarawa masu furfura da jikoki waɗanda ba su san nonon wa suka sha ba, ni na sani, ni ne na farkonsu. Sai kuma turkenta, na tumɓuke shi na kafa a tsakar gidana tun shekarar da ta rasu, da igiyar da ta miƙo mini, na sake mata tufka sau da yawa. Allah ya jiƙanta, ya yafe mata, ya sa ta yafe mini. Ita da buƙata ta zo ba ta rubuta wa kowa takarda ba, tashi ta yi ta tafi. Ni abin da na iya ke nan, don haka roƙo nake yi. Duk wanda wannan jarida ta isa hannunsa, ko aka karanta masa, in yana da akuya mai nono ko ya san inda take, ya tambayi gidan tsohon malamin dabbobi a Darna. Za mu mayar da ita in an yaye yaron, kamar yadda aka saba. Ba zan dubi launinta ba.